Linux da sauran buɗaɗɗun manhajoji a karkara: tambayoyin da ake yawan yi daga Gwarzo zuwa Gumel

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin masu shagon buga takardu, malaman makaranta, ma'aikatan ƙananan asibitoci da ɗaliban da suka dawo gida hutu. An amsa su ne da tunanin mutumin da kwamfutarsa ta hannu ce, wutarsa ta sola ce ko ta inji, datarsa kuma a ƙidaye take.

Mece ce buɗaɗɗiyar manhaja?

Kowace manhaja da rubutu ake gina ta, umarni bayan umarni, abin da masu sana'ar ke kira kod. Kamfanoni irin su Microsoft da Adobe suna rufe nasu rubutun, su sayar maka da izinin amfani kawai. Ita kuwa buɗaɗɗiyar manhaja rubutunta a fili yake, kuma lasisinta ya yarje wa kowa ya yi aiki da ita yadda ya ga dama, ya leƙa cikinta, ya kwafa ya ba wani, ya gyara ya raba gyararriyar. Manomi ba zai sha wuyar ganewa ba: akwai irin da kake ajiyewa daga amfanin bana ka shuka baɗi har ka ɗibar wa maƙwabci, akwai kuma wanda sai ka koma shago kowace damina.

Wani Ba'amurke, Richard Stallman, shi ya faro tafiyar a 1983 da shirinsa na GNU. A 1991 wani ɗalibi a birnin Helsinki, Linus Torvalds, ya rubuta jigon babbar manhajar da ake kira Linux, wato manhajar da ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗaya kamar yadda Windows ke yi. Ranar 25 ga Agusta ya sanar da aikin nasa, kwana biyu kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa. Ke nan sa'o'in juna ne, ga mai son ya tuna shekarun.

Ni ban taɓa ganin mai amfani da ita a garinmu ba.

Ka gani, sunanta ne ba a faɗa maka ba. VLC ɗin da ake kallon fim da wa'azi da shi, mai alamar mazubi ruwan lemo, buɗaɗɗiya ce, ɗalibai ne a Faransa suka faro ta. Firefox ma haka. Wayarka ta Android a kan jigon Linux aka ɗora ta, ko da yake Google ya ƙara nasa rufaffun kayan a sama. Matasan da ke bi gida-gida da waya suna cike fom lokacin rigakafi ko ƙidayar manoma, galibi da manhajar ODK ko KoboCollect suke aiki. Rahoton wata-wata da ake tattarawa daga asibitin ƙauye zuwa ƙaramar hukuma, a DHIS2 ake shigar da shi, manhajar da Jami'ar Oslo ta ƙasar Nowe ke jagorantar gina ta.

Babu wanda ya taɓa yi wa waɗannan gardama, saboda sun zo sun yi aiki. Gardamar ba ta tashi sai an ce a cire Windows a sa Linux, ko a bar Word a koma LibreOffice.

Windows ɗin ma ai kyauta ake sa mana. Me zan ƙaru da shi?

Wannan ita ce tambayar gaskiya, kuma masu tallan Linux sukan kauce mata. A Turai ana jawo mutum da cewa zai huta da kuɗin lasisi. A nan, wanda ya sayo laftof a Beirut Road ko Farm Centre a Kano, da Windows da Office da CorelDRAW yake tahowa, duk an fasa musu kwaɗo an cusa, ɗan kuɗin hannu kawai ya biya. Don haka batun araha bai shafe shi ba.

Ribar tana wani wajen. Fasasshiyar manhaja, wadda ake ce wa kirak, sai an kashe mata tsaro kafin ta zauna, kuma ba ka san abin da wanda ya fasa ta ya haɗo maka da shi ba. Yawanci har sabuntawa ake toshewa don kada ta tona asiri. Ga kuma batun tsufa: Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun Janairun 2020, Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoba 2025 wa'adinsa na yau da kullum ya cika. Windows 11 yana neman wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da injin da bai tsufa ba, abin da kwamfutocin gwanjo da yawa ba su da shi. Wadda ta gaza wannan sharaɗi, ko ta zauna ba kariya, ko a yi mata dabarar cusawa, ko ta koma Linux ta ci gaba da samun gyaran tsaro a kan lokaci.

Idan kwamfutarka tana aikinta lafiya, ba ta shiga intanet, ba a soka mata filas ɗin kowa da kowa, gaskiya ba ka cikin gaggawa.

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Su masu yin ta me suke ci?

Karin maganar tana nan daram, ba ta ƙaryatu ba. Yawancin masu gyara jigon Linux a yau ma'aikata ne masu albashi a kamfanoni irin su Intel, Google da Red Hat, domin kasuwancin waɗannan kamfanoni a kansa yake tsaye. Ubuntu, wani nau'in Linux wanda attajirin Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya fito da shi a 2004, kamfaninsa Canonical daga manyan ma'aikatu masu biyan kuɗin kulawa yake samu. LibreOffice wata gidauniya ce a Jamus ke riƙe da ita tun bayan da aka ɓalle daga OpenOffice a 2010, da gudummawar jama'a da ta kamfanoni. Sai kuma 'yan sa-kai, masu yi don sha'awa ko don a san su a sana'ar.

Ku ma an yarje muku ku ci. Lasisin bai hana mai gyara ya karɓi kuɗin sakawa, ko na koyarwa, ko ya sayar da filas mai ɗauke da ita ba.

Tsohuwar kwamfutata za ta ɗauka?

Galibi za ta ɗauka. Linux Mint, nau'in Linux ɗin da ya fi kama da Windows a ido, yana tashi da RAM mai giga 2, amma sai da 4 ake jin daɗinsa. Nau'insa na Xfce ya fi sauƙin nauyi, haka ma Lubuntu. Idan injin tsohon yayi ne mai 32-bit, Mint da Ubuntu na yanzu sun daina yi masa, sai a nemi irin su antiX.

Kada dai a yi maka alƙawarin mu'ujiza. Manhajar shiga intanet ita ke cinye RAM, ko a kan me take. Buɗe Facebook da YouTube tare a kan giga 2, za ka ga jan ƙafa a Linux ɗin ma. Wanda ke da ɗan kuɗi, sauya tsohon hadis, wato ma'ajiyar fayilolin kwamfuta, da sabuwar ma'ajiya mai sauri da ake kira SSD ya fi kowace dabara saurin nuna bambanci.

Zan iya gwadawa ba tare da na goge kayana ba?

Ƙwarai, kuma ta nan ya kamata kowa ya fara. A samo filas mai giga 8, a ɗora masa Mint ta hanyar manhajar Rufus ko Ventoy. A kashe kwamfutar, a soka filas ɗin, a kunna ana danna maɓallin zaɓen inda za ta tashi: F12 a yawancin Dell da Lenovo, F9 ko Esc a HP. Linux zai tashi daga filas ɗin kai tsaye, bai taɓa hadis ɗinka ba. In ka zare ka sake kunnawa, Windows ɗinka na nan yadda ka bar shi.

A wannan zaman gwajin, kada ka tsaya kallon kyan fuskarsa. Jona Wi-Fi ko hospot ɗin wayarka ka ga ko ya kama. Kunna sauti. Soka firintarka ka buga shafi guda. Buɗe takardar da ka fi aiki da ita. Abin da ya ƙi a ranar, zai iya ƙi bayan an saka, kuma gara ka sani yanzu da ranar da mai takarda ke tsaye a kanka.

Akwai hanyar da ta fi wannan sauƙi ma: bar Windows ɗin, ka saka LibreOffice, ko GIMP na gyaran hoto, ko Inkscape na zane a kansa. Duk suna aiki a Windows. Wanda hannunsa ya saba da su a can, in ya zo sauya babbar manhajar rabin aikin ya ƙare.

Ina da shagon buga takardu. Takardun Word za su buɗe daidai?

Za su buɗe, daidai ɗin ne sai an lura. Wasiƙa, takardar neman aiki, jarrabawar firamare, yarjejeniyar sayen gona, duk waɗannan LibreOffice Writer yana yin su ba matsala, kuma yana ajiye su a sigar docx. Inda ake samun tangarɗa shi ne dogon furojet na ɗalibi mai teburori da lambobin shafi iri biyu, ko takardar da aka ƙawata da akwatuna da zane.

Ga yadda abin yake faruwa a zahiri. Ɗalibi ya sauko daga Kazaure ko Wudil da furojet mai shafi 60 a filas, malaminsa ya riga ya sa hannu a kan tsarin. Ka buɗe, ka ga ya zama shafi 62, taken babi na uku ya zamo ƙasan shafi. Ya dube ka ya ce, "Malam, kwamfutarka ta ɓata min aiki." Ba ta ɓata ba. Da salon rubutu na Times New Roman ko Calibri aka buga aikin, waɗanda mallakar wasu ne, ba sa zuwa tare da Linux. Da injin ya rasa su sai ya ɗauko wani salon mai ɗan bambancin faɗi, layuka suka motsa. Maganin shi ne a tabbatar akwai Liberation Serif, wanda aka auna shi daidai da Times New Roman, da Carlito madadin Calibri, da Caladea madadin Cambria. Da su shafuka sukan zauna inda suke. Abin da ya fi duka, ka saba wa masu kawo aiki su zo da shi a PDF idan bugawa kawai suke so.

Maɓallan ma ba a wuri ɗaya suke da na Word ba. Yaron shago mai sauri zai yi 'yan kwanaki yana lalube, yana tsaki. Kada a fara wannan koyo a makon da makarantu ke buga jarrabawar ƙarshen zango.

CorelDRAW fa? Da na'urar ɗaukar zanen yatsa?

A nan amsar ba mai daɗi ba ce ga masoya Linux. CorelDRAW da Photoshop ba su da nau'in Linux. Inkscape yana zana katin biki, fosta da tambari da kyau, yana ma iya buɗe wasu fayilolin Corel, amma ba kullum suke fitowa yadda aka tsara su ba. Kuma masu manyan injinan buga bana da kalanda a birni fayil ɗin Corel suka saba karɓa. Wanda cin abincinsa katin ɗaurin aure da fostar 'yan siyasa ne, kada wani ya ruɗe shi ya goge abin da yake ci da shi.

Haka na'urorin ɗaukar yatsa da ake rajista da su: manhajojinsu da yawa don Windows aka rubuta su, kuma hukumar da ta ba ka aikin ita ke faɗin abin da za ka saka. Firinta kuwa sa'a-sa'a ce. HP na da direbobinsa na Linux, wato manhajojin da ke haɗa firinta da kwamfuta, masu suna HPLIP da ke ɗaukar samfura masu yawa, sababbin firintoci da dama kuma da kansu suke kamawa, amma wasu tsofaffin sai an sha fama.

Shagon da ke da kwamfuta biyu ko uku, abin da ya fi dacewa ya bar ɗaya a Windows don zane da rajista, ya mayar da wadda ake soka wa filas ɗin jama'a Linux.

Da gaske bayiros ba ya kama Linux?

An zuzuta maganar, amma da ƙamshin gaskiya a ciki. Bayiros ɗin nan da ya addabi shaguna, mai ɓoye fayilolin filas ya bar maka gajerun hanyoyi na bogi, don Windows aka yi shi, ba ya tashi a Linux. Hasali ma in ka soka filas ɗin a Linux za ka ga fayilolin da ya ɓoye, ka kwashe su, ka goge shi. Sai dai Linux zai iya ɗaukar fayil mai cuta ya miƙa wa wata kwamfutar ba tare da shi ya ji komai ba.

Kasancewar rubutu a fili ba ya nufin ba kuskure a ciki. A 2014 an gano ɓaraka mai suna Heartbleed a manhajar tsaro ta OpenSSL, wadda ta shafi shafukan intanet masu ɗimbin yawa. A Maris 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya bankaɗo wata ƙofar sirri da aka dasa da gangan a manhajar xz, kafin ta yaɗu. Masu suka suna cewa ga shi nan an shiga. Masu yabo suna cewa da a rufe take wa zai gani. Duk biyun suna da hujja. Kuma babu babbar manhajar da za ta cece ka idan ka karanta wa ɗan damfara lambar sirrin da banki ya turo maka.

Data da wuta su ne damuwarmu.

Sauko da Mint zai ci kusan giga 3, Ubuntu na yanzu ya kai ninkin haka. Amma sau ɗaya ake yi: mutum ɗaya ya sauko da shi a Dutse ko Kano inda sabis ke da ƙarfi, filas ɗaya ya zagaye gari, kuma babu dokar da aka karya. Sabuntawa a Mint sai ka ce a yi, ba ya kwashe maka data a ɓoye cikin dare. In ka zaɓi nau'in Ubuntu mai dogon wa'adi, wanda ke fita a watan Afrilu duk bayan shekara biyu, shekara biyar ake kula da shi.

Inda Linux ke wahalar da mutumin ƙauye shi ne saka sabuwar manhaja. A Windows an saba a kwafo fayil ɗin sakawa daga aboki a danna. A Linux yawanci daga rumbun intanet ake jawowa, don haka ranar sakawa a yi ta inda akwai sabis, a saka duk abin da ake buƙata a lokaci guda.

Ga makarantar da ba ta da intanet sam, akwai Kiwix, mai ajiye Wikipedia a cikin kwamfuta a karanta ba data, da Kolibri mai ɗauke da darussa. Batun batir kuwa ya danganta da injin, wani ya fi daɗewa a Linux, wani a Windows.

Zan iya rubuta Hausa da ƙugiyoyinta? Ajami fa?

Za ka iya. Cikin jerin tsarin maɓallan da ke zuwa tare da Linux akwai na Hausar Najeriya, a saituna ake ƙara shi, ka sami ɓ, ɗ da ƙ ba tare da kwafo su daga wani wuri ba. Keyman, wanda ƙungiyar SIL ke kula da shi, buɗaɗɗe ne kuma yana aiki a Linux, Windows da waya. Salon rubutu irin su Noto, Charis da Andika suna nuna haruffan ba tare da sun zama akwati ba.

Abin da zai burge alarammomi shi ne Alkalami. Salon rubutun Ajami ne da SIL ta fitar kyauta, an zana shi a kan irin rubutun hannun da aka sani a ƙasar Kano da Nijar, mai kaurin nan na allo. Akwai kuma Harmattan, shi ma don rubutun Yammacin Afirka. LibreOffice yana rubutu daga dama zuwa hagu in an kunna masa. Sai dai menu da saƙonnin yawancin manhajojin da Turanci suke, wannan giɓi ne da har yanzu bai cike ba.

Me ya sa duk mai gyaran da na kai wa sai ya ce a goge a mayar da Windows?

Saboda shi ya iya, kuma ba laifi ba ne mutum ya tsaya a kan abin da ya iya. Mai gyara a Ringim ko Rano ya shekara da shekaru yana fomatin, filas ɗinsa cike da direbobin Windows, cikin awa guda ya gama ya karɓi kuɗinsa. Ka ajiye masa abin da bai taɓa gani ba a gaban yaransa. Ba zai ce bai sani ba. Zai ce, "Alhaji, wannan ba orijina ba ce," ko "ta 'yan kutse ce," ya goge.

A ganina nan ne duk maganar take. Kyan manhaja ba shi ke zaunar da ita a gari ba, samun wanda za a kai wa in ta ƙi shi ne. An sha ganin ɗan gari da ya yi karatun kwamfuta ya dawo hutu da zumuɗi, ya saka wa kawunsa da hedimasta Linux, hutu ya ƙare ya koma makaranta. Bayan mako biyu firinta ta tsaya, ba mai duba ta, aka hau babur aka kai gari aka goge. Daga ranar, in ka ambaci Linux a wannan gidan sai a ce an gwada ba ta da kyau. Shi ya tafi da ladan niyya, manhajar ta kwana da baƙin suna.

Wanda ke son abin ya zauna, da mai gyara zai fara. Ya zauna da shi a shagonsa, ya nuna masa yadda filas ɗin Linux ke ceto fayiloli daga kwamfutar da Windows ɗinta ya ƙi tashi. Wannan aiki ne da ake biya da murna, domin wanda hotunan bikinsa ko sakamakon ɗalibansa suka maƙale ba ya ciniki. Ranar da mai gyara ya ga kuɗi a ciki, shi zai riƙa tallata ta.

Na yi tambaya wajen masana Linux, suka yi min dariya. Haka suke?

Wasunsu haka suke, kuma tsohuwar cuta ce a wannan fage, a ko'ina cikin duniya. Ka ce sauti ya ɗauke, a ce maka je ka karanta, ko a jefo maka layin umarni na Turanci ba bayani, ko a fara musu a kan wane nau'in Linux ya fi, kai kana tsaye da matsalarka. Akwai kuma masu ganin duk mai amfani da Windows a matsayin wanda bai waye ba. Magidanci mai shekara hamsin da yaro ya yi masa haka a gaban mutane ba zai sake tambaya ba, kuma ba zai manta ba.

Abin ya fi tsanani ga mata. Malamar Islamiyya ko matar aure mai lissafin adashi da sana'arta a kwamfuta ba za ta je ta zauna a shagon gyara a kasuwa ba, kuma ba lallai ta yi magana a taron maza ba. In babu wata mace ko ɗan'uwa a gida da ya iya, ta haƙura ke nan.

Ga mai amsawa: yi da Hausa, yi da saƙon murya in mai tambayar ya fi ganewa da haka, nuna inda ake dannawa da linzami kafin ka kai shi baƙin allon umarni. Yawancin abin da mutum ke buƙata a Mint ba sai an buga umarni ba. Ga mai tambaya: faɗi sunan kwamfutar da nau'in Linux ɗin, ɗauki hoton saƙon da ya fito, faɗi abin da ka taɓa kafin ta ƙi. "Ta ƙi yi" ba ta isa a gane ciwo ba. Kuma ka tuna yawancin masu amsawa ba biyansu ake yi ba.

Makarantarmu ta sami kwamfutoci. Mu mayar da su Linux gaba ɗaya?

An yi a wurare, sakamakon ya bambanta. Jihar Kerala ta Indiya ta daɗe da ɗora makarantun gwamnatinta a kan Linux, abin kuma ya zauna, domin an haɗa shi da horar da malamai da littattafan da suka dace da shi. Birnin Munik na Jamus ya yanke shawarar komawa Linux a 2003, ya sauya kwamfutoci kusan 15,000, sannan a 2017 majalisar birnin ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows, bayan ƙorafin ma'aikata da sauyin siyasa. A 2024 kuma jihar Schleswig-Holstein, a Jamus ɗin dai, ta sanar da sauya kwamfutoci kusan 30,000.

Kafin hedimasta ya yanke hukunci, ya duba wa zai koyar, kuma in an yi wa malamin canjin wurin aiki wa zai gaje shi. Ya duba littafin da yara ke karantawa, wanda hotunansa galibi na Windows da Word ne. Iyaye za su tambaya ko yaro zai iya jarrabawar JAMB ta kwamfuta. Zai iya, domin abin da take nema sabo da linzami da maɓallai ne, kuma iri ɗaya ne a ko'ina. Raba ɗakin gida biyu ya fi, yaro ya taɓa wannan ya taɓa wancan.

Amfani da kirak haramun ne?

Fatawa ta malamai ce, a kai musu. Ta fuskar doka, dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta haɗa da manhajojin kwamfuta. Abin da za a iya cewa a nan shi ne, wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, buɗaɗɗiyar manhaja ta raba shi da wannan tunani, tunda masu ita sun rubuta izinin kwafa da rabawa a fili.

Ban iya rubuta kod ba. Akwai abin da zan iya bayarwa?

Da yawa, kuma wani ba mai iya yinsa sai kai. OpenStreetMap taswirar duniya ce da kowa ke iya gyarawa. Unguwannin Landan an zana su har bishiyoyi, amma akwai ƙauyuka tsakanin Gumel da Maigatari ko a ƙasar Sumaila da hanyar burtali, rijiyar burtsatse da sunan ruga sai ɗan wurin ya san su. Common Voice na Mozilla yana karɓar muryoyin Hausa, ka karanta jimla a waya ka tura, don na'urori su koyi jin harshen. Wikipedia ta Hausa tana neman marubuta, manhajoji da dama kuma suna jiran masu fassara menu. Mai harshen Haɗejiya ko Gumel da ya ba da muryarsa ya ƙara abin da Bakano ba zai iya ƙarawa ba.

In na saka ban ji daɗinta ba, zan iya komawa?

Za ka iya, mai gyara zai mayar maka da Windows kamar yadda ya saba. Abin lura guda ne, kafin a saka da kuma kafin a cire: kwashe takardunka da hotunanka zuwa wani hadis ko filas, ka buɗe su a wata kwamfutar ka tabbatar sun kwafu. Windows ba ya karanta ɓangaren hadis ɗin da Linux ya tsara wa kansa, don haka mai gyara zai iya ganin kamar babu komai a wurin ya goge. In hadis ɗin na da fili, ana iya zaunar da su biyun tare, duk lokacin da ka kunna ta tambaye ka wanne za ka shiga.